Filin Tambayoyin Gini: Tsohon Bangon da Damina ta Cinye

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili bayan ɗaukewar ruwa a kan bango suke. Mun zaɓi huɗu daga Bauchi da Gombe, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Gidanmu na gado yana kusa da tashar jirgin ƙasa a Bauchi, kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina shi da jan bulo ba da daɗewa ba bayan zuwan jirgi garin. Bangon da ke fuskantar gabas ya lalace. Kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zama gari har ana ƙwaƙule shi da yatsa, fuskar wasu bulon tana ɓarewa, kuma daga ƙasa zuwa gwiwa akwai wani farin gari kamar kanwa. Shekarun baya wani birkila ya cike mana ramukan da siminti mai ƙarfi, amma yanzu simintin yana nan daram, bulon da ke kewaye da shi ne ya zaizaye. Birkilan da muka kira bana ya ce a yi wa bangon filasta gaba ɗaya a shafa fentin mai. Mu yarda? Daga wani magidanci, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama. Layin dogo ya iso Bauchi a 1961, ke nan gidan naku ya kai kimanin shekara 60, kuma bangon da ya yi waɗannan shekaru a tsaye, bai karkace ba, bai yi ciki ba, ya cancanci a kashe masa kuɗi. Sai dai shawarata ita ce kada ku yarda da filastar siminti da fentin mai, domin abin da za su yi kawai shi ne su rufe ɓarnar daga ido, ita kuwa ta ci gaba a bayansu.

Ba abin mamaki ba ne da bangon gabas ya fara gazawa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma tana jifan bango da ruwa a kaikaice, shi ya sa magina tun na dauri suke fifita wannan ɓangaren wajen yaɓe. Garin Bauchi yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta; daga nan hunturu ya busar da ginin ƙayau, bazara kuma ta gasa shi. Jan bulo yana shan ruwa, kuma wannan ba aibi ba ne muddin ruwan yana da hanyar fita. A tsohon gini hanyar ita ce kwaɓin da ke tsakanin bulo, wanda ya kamata ya fi bulon taushi, don danshi ya bi ta cikinsa ya fice, kuma idan gini ya motsa saboda zafi da sanyi, shi ya tsage bulon ya tsira. Kwaɓin da ya zama gari bayan shekara 60 ya gama aikinsa ne, sabunta shi ake yi, kuma sabunta kwaɓi ya fi sauya bulo arha nesa ba kusa ba.

Farin garin da kuke gani gishiri ne. Ruwan da ke cikin ƙasa yana ɗauke da shi a narke, ya haura ta ƙananan ƙofofin jikin bulo, idan ya kai inda iska ke busar da shi sai ruwan ya tafi ya bar gishirin. Wanda ya fito fili ba shi da illa sosai. Mai ɓarnar shi ne wanda ya daskare a can ƙarƙashin fuskar bulo, domin yayin da yake taruwa yana tunkuɗo fuskar har ta ɓare. A ƙasashen sanyi irin su Ingila ruwan da ya zama ƙanƙara a cikin bulo ne yake fasa shi, mu kuwa gishiri da yawan jiƙewa da bushewa ne suke yi mana wannan ta'adi.

Daga nan za ku gane abin da cikon birkilan farko ya jawo. Siminti mai ƙarfi ya fi tsohon bulo tauri, kuma ba ya barin danshi ya wuce yadda tsohon kwaɓi yake bari. Da aka toshe hanyar, sai ruwan ya koma fita ta jikin bulon, gishirin ma ya taru a can, shi ya sa simintin ya tsaya bulon ya zaizaye. Filasta mai kauri da fentin mai wannan kuskuren ne za su maimaita a kan bangon baki ɗaya, kamar a sa wa mutum rigar leda da tsakar bazara: gumin ba zai daina zuba ba, sai dai ya rasa inda za shi. Danshin zai haura sama da inda yake yanzu, ko ya ɓullo ta cikin ɗaki, filastar kuma ta kumbura ta faɗo tare da fuskar bulon.

Kafin a sayi ko da buhu ɗaya na siminti, a fara gano inda ruwan yake zuwa. Ku duba bakin kwanon rufi ko ya gajarta har ruwa yana zuba a jikin bango, ku duba indararo ko ya toshe ko ya fashe, da kwatar gida, da bututun banɗaki, da wurin alwala idan a gindin bangon yake. Idan ana ɗaure awaki ko tumaki a wurin, ko kuma lungu ne da masu wucewa suka mayar wurin fitsari, a hana, domin fitsari yana ƙara wa ƙasa gishirin da ke cin bulo. Akwai kuma abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni, wato a yi ta cika hanya ana ɗaga ta, shara da ƙasa su yi ta taruwa, har waje ya fi daɓen cikin gida tsawo. A ƙa'idar gini, shimfiɗar da ke hana danshi haurawa, wadda magina suke kira DPC, ya kamata ta fi ƙasar waje tsawo da aƙalla santimita 15, wato kimanin sahu biyu na jan bulo. Idan ƙasa ta rufe wannan layin, a kwashe ta, a gangarar da wurin yadda ruwa zai guje wa bango, amma kada a haƙa har harsashin ginin ya fito. Wannan aikin shebur da baro ne, shi ne mafi arha a cikin gyaran, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Bayan bangon ya sha iska ya bushe, sai a shiga cire tsohon kwaɓi. Zurfin da ake nema shi ne ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin tsakanin bulo, wato idan faɗin santimita 1 ne, a ƙwaƙule santimita 2 zuwa 2.5, kusan inci ɗaya, ko kuma har sai an tarar da kwaɓi mai ƙwari. Da siririn kurfi da ƙaramar guduma ake yi, a hankali. Na'urar yanka ta lantarki tana da sauri, amma a hannun wanda bai goge ba tana cin bakin bulo, kuma bakin da ya gutsure ba ya dawowa. Cikon simintin nan na baya shi ma a cire shi inda zai fita ba tare da ya fasa bulo ba. Inda ya kama gam a bar shi, domin ɓarnar cire shi za ta fi ta barinsa. A share ƙurar da buroshi, sannan a jiƙa wurin sosai a bari ya tsotse, don busasshen bulo yana shanye ruwan kwaɓi kafin ya kama.

Batun kwaɓi shi ne inda za ku yi gardama da birkila, saboda a wajen da yawa daga cikinsu yawan siminti shi ne ingancin aiki. Ga tsohon jan bulo, haɗin da ya dace shi ne kwano 1 na siminti, kwano 1 na farar ƙasar gini, da kwano 6 na yashi. Idan bulon mai taushi ne, irin wanda ƙusa ke karcewa cikin sauƙi, a koma kwano 1 na siminti, 2 na farar ƙasa, 9 na yashi. Farar ƙasar da nake nufi ita ce wadda ake samu daga gasasshen dutse, mai zuwa a buhu kamar gari, irin wadda hukumomin ruwa suke amfani da ita wajen gyara ruwan sha. Farar ƙasar da ake haƙowa a yankin Alkaleri yumɓu ce, tana da nata amfanin, amma ba ta ɗaure yashi, don haka a tambayi mai sayarwa da kyau. Ta ainihin tana cin fata da ido, sai mai kwaɓi ya sa safar hannu ya kare idonsa. Idan an nema an rasa, a yi da kwano 1 na siminti da 6 na yashi, kada a yarda a ƙara ƙarfinsa. Yashin ya zama wankakke, mara laka da shara, kuma da kwano ɗaya za a riƙa auna komai, ba da shebur ba, domin cikar shebur da safe daban take da cikarsa da yamma.

Kwaɓin kada ya yi ruwa. Ya zama idan an dunƙula shi a hannu zai tsaya. A tura shi cikin ramin da siririn ƙarfe ana dannawa, kashi-kashi, kowane kashi kimanin santimita 1, a bar na farko ya ɗan kama kafin a sa na biyu. A daidaita shi da fuskar bulo ko ya ɗan shige kaɗan, kada a shafe shi a kan bakin bulon, domin wannan ɗan leɓen da ake bari yana tare ruwa. Daga nan a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Yana da kyau a fara da ɗan wuri, kamar taku ɗaya tsawo da faɗi, a gani bayan mako guda kafin a ci gaba.

Bulon da fuskarsa kawai ta ɗan ɓare a bar shi yadda yake. Wanda ya ci ya kai kusan santimita 2, ko ya ruɓe, a sare kwaɓin da ke kewaye da shi a zaro shi. Sau da yawa bayansa lafiya lau yake, sai a juya shi a mayar. Idan sai an sauya, a nemi tsohon bulo daga ginin da aka rushe mai girma da tauri irin na gidan, ya fi sabo dacewa, kuma kada a cusa guntun bulon siminti a gurbin. Kada a zare fiye da biyu ko uku a jere a lokaci guda, musamman a sahun ƙasa da ƙarƙashin linta, sai wanda aka mayar ya kama.

Idan bayan duk wannan kuna son bangon gabas ya sami riga, a yi masa siririyar filasta da irin wannan haɗin mai farar ƙasa, a shafe da farar ƙasa ko fentin ruwa. Sannan, Malam, ku biya birkila kuɗin yini a wannan aikin. Wanda aka yi jinga da shi sauri yake yi, ƙwaƙular inci ɗaya kuwa ita ce abu na farko da mai sauri yake ragewa, kuma da zarar an cike ba mai iya gani.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Bangon ɗakina na bulon siminti ne, ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa kamar matakala. Da rani tsagar tana buɗewa, da damina ta kusa rufewa. Sau biyu ana cikewa tana dawowa. Akwai babbar bishiyar dogon yaro kusa da wurin. Daga wata uwargida, Gombe.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Wannan ba ruwan sama ne ya ci bango ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce take motsi. A sassa da dama na jihar Gombe akwai ƙasa mai laka wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, kuma ginin da harsashinsa bai yi zurfi ba yana bin ta sama da ƙasa. Bishiyar tana ƙara abin, domin da rani saiwoyinta suna tsotse ragowar danshin da ke ƙarƙashin wannan kusurwar. Shi ya sa ciko ba ya zama: duk abin da aka cusa da rani, damina za ta matse shi, rani mai zuwa ya sake buɗewa.

Ki sa a kafa ƙananan ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, a riƙa auna tsakaninsu da rula sau ɗaya a wata ana rubutawa har shekara ta zagayo. Idan tana buɗewa ta koma inda take, lamarin da sauƙi. A yi daɓen siminti mai faɗin kimanin mita 1 kewaye da ɗakin, mai gangara zuwa waje, a gyara duk bututun da ke ɗiga, a rage rassan bishiyar, sannan a cike tsagar da kwaɓi mara ƙarfi. Kada a yi gaggawar sare babbar bishiya gaba ɗaya, saboda a ƙasa mai laka hakan yana iya sa ƙasar ta kumbura ta ɗaga ginin. Amma idan faɗin tsagar ya wuce milimita 5, ko tana ƙaruwa shekara bayan shekara, ko ta ratsa har cikin ɗaki, ƙofa da taga sun fara ƙin rufuwa, ko kuma gidan yana kusa da ɗaya daga cikin kwaruruwan da zaizayar ƙasa ta haƙa a garin, to wannan ya wuce aikin birkila. A kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya zo ya gani da idonsa, kuma kafin ya zo kada yara su kwana a jikin wannan bangon.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, katangar gidan kakanmu a cikin gari ta tubali ce. An yi mata filastar siminti, yanzu tana faɗowa falle-falle, gindin katangar kuma ya zaizaye ya yi rami. Me ya kamata mu yi? Daga wani matashi, unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Allah ya yi maka albarka da ka damu da gidan kakanni. Siminti ba ya kama jikin ƙasa kamun gaske, kuma ba sa motsi tare idan zafi ko danshi ya taɓa su, don haka filastar takan saki ta bar sarari a bayanta. Ruwa yana shiga ta tsaga ya kwanta a wannan sararin, tubalin ya jiƙe bai bushe ba, gara kuma ta sami hanya a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa da sanda, duk inda ka ji yana amsawa kamar fanko ya riga ya saki, a ɓamɓare shi tun bai faɗo wa wani ba.

Ramin gindi shi ne abin tsoro, domin katangar ƙasa daga nan take faɗuwa. A gyara shi kashi-kashi, kamar taku biyu a lokaci guda, ana tsallake wani wurin sai na farko ya bushe, kuma idan ramin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin katangar a tokare ta kafin a taɓa. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar, a kai ta nesa saboda gishirin da ke cikinta, a jiƙa wurin, a gina ciko da tubali da kwaɓin jar ƙasa mai ciyawa wanda aka tattaka aka bari ya kwana biyu ya ruɓa. Bayan haka a yi dakali a gindin, a gyara rawanin katangar ta sama, domin ta waɗannan wurare biyu ruwa yake cin ta.

Game da yaɓe, magabata suna da nasu maganin. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a jiƙa a haɗa da ƙasa, akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ana sa shi a rufin soro da wuraren da ruwa ya fi duka. Wanda yake shakkar ƙarkon ginin ƙasa ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ya ga Gidan Madaki, wanda Babban Gwani ya gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Gaskiyar da ba a so a ji ita ce yaɓen ƙasa yana buƙatar sabuntawa a kai a kai, wannan wahalar ce ta kai mutane ga siminti, kuma masu haɗa laso sun yi ƙaranci. Ka nemi tsofaffin magina na cikin gari ta hannun mai unguwa. Idan dangi sun nace sai siminti, aƙalla a kafa wayar kaji da dogayen ƙusoshi kafin filastar, a yi ta siririya mara ƙarfi, kuma a riƙa duba ta kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

TAMBAYA: Malam, an ce mini ruwan batir yana wanke farin da ke fitowa a jikin jan bulo. Gaskiya ne? Kuma wane lokaci ya fi dacewa da gyaran bango? Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Alhaji, kada ka kusanci bango da ruwan batir. Yana cin kwaɓin da ke tsakanin bulo, yana barin wani gishirin a jikin ginin, yana kuma ƙona fata da makantar da ido. Ko ruwan famfo ma bai dace ba, domin narkar da gishirin yake yi ya mayar da shi cikin bulo. A goge shi a bushe da buroshi mai tauri wanda ba na waya ba, a kwashe garin daga gindin bangon, a maimaita duk lokacin da ya fito, sannan a nemo inda danshin yake shigowa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, bayan bango ya tsane daga damina. Ana iya aiki da tsakiyar hunturu, amma iskarsa tana busar da kwaɓi kafin ya kama, sai an ninka ban ruwa da rufewa. A Maris da Afrilu a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a bi ɓangaren da ke cikin inuwa, kuma a tabbata an kammala bangon gabas da aƙalla mako biyu kafin a fara ganin hadarin farko.